Yadda Ake Auna Amfanin Horon Ayyukan Yau da Kullum ga Masu Nakasa

Sau da yawa idan ƙaramar hukuma ta ba da rahoton abin da ta yi wa nakasassu, lissafin yakan tsaya ne ga yawan kekuna da sandunan da aka raba. Irin wannan lissafi ba ya nuna ko wanda ya karɓi keken ya iya zuwa masallaci ko kasuwa da kansa, alhali kuwa abin da ake nema ke nan.

Akwai sashen kiwon lafiya da wannan ne aikinsa, wato horar da mai nakasa kan ayyukan yau da kullum. Ya bambanta da gashi: mai gashi ƙarfafa gaɓa yake yi, shi kuwa jami'in wannan sashe yana koya wa mai shanyewar ɓarin jiki, ko wanda shan-inna ko kuturta ta taɓa, yadda zai ci abinci, ya sa riga, ya koma sana'arsa da sauran ƙarfin da ya rage masa. Hukumar da ke yi musu rajista a Nijeriya an kafa ta ne da doka mai lamba 38 ta shekarar 1988.

Ma'aunin da aka fi sani shi ne na Barthel, wanda aka wallafa a Amurka a 1965. Yana duba abubuwa 10: cin abinci, wanka, gyaran jiki, sa tufafi, riƙe fitsari, riƙe bayan gida, amfani da makewayi, tashi daga gado zuwa kujera, tafiya da hawan matakala. Maki yana kamawa daga 0 zuwa 100. Ana awo ranar da aka fara horo, a sake bayan wasu makonni, sannan a kwatanta. Ƙa'idarsa ita ce a rubuta abin da mutum yake yi a zahiri, ba abin da ake zaton zai iya ba. A nan ne iyali ke da hannu, domin tausayi yakan sa a riƙa ba majinyaci abinci a baki alhali zai iya ci da kansa, sai maki ya ƙi motsawa, a ɗora wa asibiti laifi.

Sai dai an tsara wannan ma'auni ne don gidajen da ke da bene da makewayin zama. A karkara tambayar ita ce: zai iya tsugunawa a masai? Zai iya tashi daga tabarma, ya ɗauki buta ya yi alwala? Wanda hannunsa na dama ya shanye yakan koyi ci da hagu, amma kunya ta hana shi cin tuwo cikin jama'a, kuma babu layin da zai nuna haka a takardar Barthel. Saboda haka ake haɗawa da wani ma'auni da ya fito daga Kanada a 1991, inda majinyaci da kansa ke zaɓen abubuwan da suka fi damunsa, har guda 5, ya ba kowanne maki daga 1 zuwa 10 kan yadda yake iya shi da kuma gamsuwarsa. Ƙarin maki 2 ana ɗaukarsa ci gaba na haƙiƙa.

Haka zalika, muhalli yana cikin awo, kamar yadda tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2001 ya tanada. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su samar da hanyar keke, wa'adin kuma ya cika a 2024. Wanda ya ƙware da keke a asibiti amma matakalar sakatariya ta tare shi, horon bai kai shi inda ake so ba.

Don haka ana kira ga shugabannin sashen lafiya da na jin daɗin jama'a na ƙananan hukumomi da su riƙa ziyartar waɗanda aka sallama bayan wata 3, su rubuta abin da kowa yake yi da kansa a gidansa. Ana kuma roƙon Hakimai, Dagatai da Masu Unguwanni su taimaka wajen nuna gidajen, musamman na mata da tsofaffi waɗanda ba su cika komawa asibiti ba.