Ƙwallon kwando: Yadda sojoji da 'yan sandan Kamaru suka yi suna a Afirka, da abin da ya hana dogayen Adar shiga fili

A watan Mayun 2022, a babban zauren wasanni na Kigali, ƙungiyar REG ta kamfanin wutar lantarkin Ruwanda tana wasa a gida, gaban dubban magoya bayanta, kuma ita ce ta zo ta ɗaya a rukuninta. Abokiyar karawarta FAP ta Kamaru kuwa da ƙyar ta tsallako daga rukunin birnin Alƙahira a matsayi na huɗu. Da aka busa tashi, FAP na da 66, REG na da 63. Haka ƙungiyar sojoji da 'yan sanda ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar BAL, wadda ita ce mafi girma a ƙwallon kwandon ƙungiyoyin Afirka.

FAP taƙaitawa ce ta Forces Armées et Police, kuma mazauninta birnin Yawunde. Tana cikin ƙungiyoyi 12 da suka buɗe gasar BAL a 2021, gasar da hukumar NBA ta Amurka ta kafa tare da FIBA. A waccan shekarar ta doke AS Police ta Mali a rukuni, sannan Zamalek ta Masar ta fitar da ita a zagayen ƙungiyoyi takwas. A 2022 ta ƙare ta huɗu bayan ta sha kashi a hannun Petro de Luanda ta Angola.

Ba ita kaɗai ce mai kaki a wannan fage ba. AS Douanes, ƙungiyar jami'an duwan ta Senegal, ta kai wasan ƙarshe a 2023 kafin Al Ahly ta doke ta. APR ta sojojin Ruwanda ta zo ta uku a 2025.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A yawancin ƙasashenmu kuɗin ƙofa ba ya ciyar da ƙungiya, 'yan kasuwa kuma ba su cika zuba dukiyarsu a wasan da ba ƙwallon ƙafa ba. Rundunar tsaro kuwa tana da abubuwan da ƙungiyar unguwa ke mafarki: mota, wurin kwana, likita, filin atisaye, da kasafin kuɗin da ke zuwa duk shekara. Mafi girma shi ne alkawarin aiki. Uban da zai hana ɗansa “wasan banza” yakan sauko idan ya ji akwai albashi da lambar aiki a ƙarshen hanya. Ba kowane ɗan wasan irin wannan ƙungiya ne soja ba, domin da yawa farar hula ne masu kwantaragi. A kakar farko dokar BAL ta yarda kowace ƙungiya ta ɗauko baƙi har huɗu, shi ya sa Joel Almeida na Kef Bad ya sa rigar FAP.

Mu a Nijar mun san wannan tsari sarai, amma a ƙwallon ƙafa. AS FAN ta sojoji ta kai matakin rukuni a Kofin Confederation na CAF a 2010. USGN ta jandarma ta ci gasar ƙasa a 2021, ita ma ta kai rukuni a kakar da ta biyo baya. AS GNN, AS Police da AS Douanes duk sun taɓa ɗaga kofin ƙasa. A ƙwallon kwando kuwa, sunan Nijar da aka fi ji a wasannin share fagen BAL shi ne Nigelec, ƙungiyar kamfanin wuta, kuma har zuwa kakar 2025 babu ƙungiyar Nijar da ta shiga gasar kanta.

Ga inda gizo ke saƙa. Dukan waɗannan ƙungiyoyi a Yamai suke. Madawa na da nisan kimanin kilomita 500 daga babban birnin, ita da ma ke bakin babbar hanyar Ƙonni zuwa Maraɗi. Buza da Keita sun fi shigewa cikin duwatsun Adar. Yaron da ya yi tsawo a Keita, ana yi masa kirari a kasuwa, ana sa shi ciro kaya daga saman mota, amma da wuya wani koci ya taɓa auna shi. Idan yana da ƙarfi, hanyar da kowa ya sani ita ce kokawa, wadda ke da zaɓe tun daga gunduma zuwa jiha har zuwa gasar takobi ta ƙasa. Idan ba haka ba, da an gama girbi sai ci-rani: Abijan, Legas, Kano ko Libiya. Masu karanta mu daga waje sun fi kowa sanin wannan hanya, don da yawansu ita suka bi.

Kokawa ta nuna cewa ana iya zaƙulo gwani daga ƙauye idan akwai tsani. Ƙwallon kwando ba shi da wannan tsani, kuma ƙungiyoyin masu kaki, duk da ƙarfinsu, girbi suke yi a birni, ba shuka a karkara ba.

Kamaru ma misali ce a nan. Manyan 'yan wasanta biyu da duniya ta sani, Joel Embiid da ya zama gwarzon NBA a 2023 da Pascal Siakam da ya ci kofi da Toronto a 2019, ba bariki ne ya gano su ba. Sansanin horo da Luc Mbah a Moute, wanda shi ma ya yi wasa a NBA, yake shiryawa a gida lokacin hutu, shi ya fito da su. Embiid ƙwallon raga yake yi kafin nan, Siakam kuwa yana makarantar horar da limaman coci a garin Bafiya. Dukansu sun girma kafin su riƙe ƙwallon da gaske. Wannan wasa ne da ɗan shekara 15 bai makara ba, muddin akwai mai ganinsa.

Abin da ake buƙata kuma ba mai yawa ba ne. Fili mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, kwando kuma mita 3.05 daga ƙasa. Daɓen siminti ne da ƙarfe biyu. Yankin da matansa suka ɗauki duwatsu a ka suka farfaɗo da ƙasa a aikin Projet Keita tun daga 1984, ba daɓen siminti ne zai gagare shi ba. Abin da ya fi siminti wuya shi ne mai koyarwa, da gasa tsakanin makarantun sakandare wadda ba za ta mutu bayan bikin buɗewa ba. A 2017 garin Tawa ya sami gine-gine albarkacin bikin Tahoua Sakola, amma irin wannan rabo a hedikwatar jiha yake tsayawa.

Wani zai ce a wannan hali na tsaro rundunoni na da abin da ya fi wasa, kuma yana da gaskiya, don jihar Tawa ta yi jana'izar sojoji da farar hula da yawa a shekarun nan. Sai dai jandarma, 'yan sanda da Garde Nationale suna da jami'ai a hedikwatar kowace gunduma, har da Madawa, Buza da Keita. Ita kaɗai ce irin hukumar da ke da ƙungiyar wasa a Yamai da kuma ido a kowane gari. Jami'i ɗaya da ya iya wasan, da igiyar awo, da izinin shugabansa na yammacin Laraba da Asabar, ya isa a fara rubuta sunaye.