Ƙwai uku da ragowar taliya

Ranar da maiɗakina ta tafi Maraɗi goyon ciki, ta bar mini ɗanmu mai shekara 6 saboda makaranta. Na ce mata kada ta damu, ai unguwarmu ta Birikateri a Yawunde ba a kwana da yunwa, ga masu tsire ga masu shayi. Ashe ban san abin da na ɗauka ba.

Kafin mako ya zagayo yaro ya daina cin abin da nake sayo masa. Ya karɓi burodin, ya gutsura sau ɗaya, ya ajiye. Wata rana malamarsu ta aiko cewa yana gyangyaɗi a aji. A gida da tuni wata gwaggo ta ɗauke mini nauyin, amma a zaman baƙunta kowa kasuwa yake sammako.

Na kai kukana wurin abokina, mutumin Garwa, wanda rumfarsa ke kusa da tawa a kasuwar Mokolo. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, kai da kake auna yadi ba kuskure, ƙwai ne zai gagare ka? Gobe bayan Asuba ina tafe. In kun ci taliya da dare, ka rage kaɗan."

Ya zo da ƙwai huɗu a leda. Da farko ya zuba su cikin kwanon ruwa. Uku suka nutse, ɗaya ya taso sama, ya fitar da shi. Ya ce ƙwai in ya daɗe iska ce ke taruwa a cikinsa, shi ya sa yake tasowa, irin wannan ba a ba yaro.

Ya miƙo mini wuƙa, na yanka albasa da tumatir ɗaya ina hawaye, yaro na ta dariya. Muka fasa ƙwan, muka sa gishiri da rabin dunƙulen magi, muka kaɗa, sannan ya juye taliyar jiya a ciki. Na ce, "Malam, taliya cikin wainar ƙwai?" Ya ce, "Nan Kamaru ce. Haka masu shayi ke yi, ita ce ke riƙe ciki har Azahar."

Mai cokali biyu ya sa a kasko, ya rage wutar risho. Ya ce wuta in ta yi yawa ƙasa ya ƙone, tsakiya ɗanye. Da gefen ya kama, ya kifa faranti a kai, ya juya, ya mayar. Muka tsaga dogon burodin nan irin na Faransa, muka cusa wainar da zafinta.

Yaro ya cinye rabonsa tas, ya kalle ni ya ce, "Baba, gobe ma kai za ka yi?"

Washegari ni kaɗai na yi. Ta ɗan ƙone, kuma wajen juyawa rabi ya zube, amma an ci. Yanzu wata biyu ke nan, malama ba ta sake aikowa ba, kuɗin mai shayi kuma suna cikin abin da nake turawa Maraɗi.

Da na ba maiɗakin labari ta waya, ta yi shiru, can ta ce, "To Alhamdu lillahi. In na dawo da jariri, karin kumallon Juma'a naka ne." Na ce na yarda, amma wanke kaskon sai mun sake zama.