HAYANIYA DA ƊAUKAR HOTO A LOKACIN BUKUKUWA
Bayani domin Hakimai da Malamansu

Hawan Salla al'ada ce wadda ƙasar Hausa ta ke alfahari da ita. An yi babban hawa a Kano a 1925 domin Yariman Wales, an yi a Kaduna a 1956 domin Sarauniya Elizabeth, an kuma sake yi a Kaduna a 1977 lokacin bikin FESTAC. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya waɗanda ya kamata a kiyaye. To, amma a zamanin nan abubuwa biyu sun shigo cikin hawa da sauran bukukuwa suna neman ɓata su, watau yawan ƙara da turmutsutsun masu ɗaukar hoto. Wannan takarda za ta bayyana illarsu, da abin da Hakimi zai iya yi a kansu.

YADDA ƘARA TA KE ƁATA KUNNE

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan abu mai kama da katantanwa. A cikinsa akwai waɗansu ƙwayoyi masu gashi, ƙanana ƙwarai, wajen 16,000 a kowane kunne. Su ne su ke karɓar sauti su miƙa shi ga jijiyar da ke kai shi ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su, wadda ta mutu kuwa ba ta sake tsirowa. Sabo da haka irin wannan kurumta ba ta warkewa. Sannu a hankali ta ke zuwa, mutum ba ya farga sai ya ga yana yawan cewa a maimaita masa magana, ko kuwa yana jin wani shuu a kunnensa dare da rana.

Ma'aunin ƙara shi a ke kira desibel. Hirar mutum biyu wajen desibel 60 ce, ba ta cuta. Masana lafiyar ma'aikata sun ƙayyade cewa kada mutum ya wuce awa 8 a yini cikin ƙarar da ta kai 85. In ta ƙaru da desibel 3 sai a raba lokacin biyu: a 88 awa 4, a 91 awa 2, a 100 kuwa minti 15 kaɗai. Odar mota, watau ƙahonta, in mutum yana dab da ita takan wuce 100. Harbin bindiga yakan kai 140 ko fiye, harbi ɗaya ya isa ya ɓata kunnen wanda ke kusa.

Wanda ba shi da na'urar awo yana da wata dabara. In mutum biyu suna tsaye, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba, amma sai sun ɗaga murya ƙwarai kafin su ji juna, to, ƙarar wurin ta kai ta cutarwa.

Ba kunne kaɗai ta ke ɓatawa ba. Tana hana barci, daɗewa cikinta kuwa yana daga abubuwan da ke jawo hawan jini da ciwon zuciya. Jarirai da tsofaffi da majinyata da 'yan makaranta su suka fi shan wahala, su ne kuwa ba su da bakin kai ƙara.

INDA ƘARAR TA KE FITOWA

Kakaki da tambari da algaita suna da lokacinsu da ma'anarsu. A fili a ke busa su ko a kaɗa su, in Sarki ya sauka su ma su sauka. Abin da zamani ya kawo shi ne lasifika mai aiki da janareto, wadda ba ta gajiya, a kafa ta a tsakiyar unguwa ranar biki ta kwana tana amo. Sai kuma jerin motoci da babura da adaidaita-sahu a wajen ɗaukar amarya ko bayan saukowa daga Idi, kowa ya danne oda bai saki ba.

An yi oda ne domin gargaɗi. In kowa yana danna ta don nishaɗi, mai tafiya a ƙasa ba zai rarrabe ta wasa da ta haɗari ba, ran da a ke bukatarta kuwa ba wanda zai waiwaya.

MASU ƊAUKAR HOTO

A da mai hoto ɗaya ne ko biyu a gari, an san su, an san inda su ke tsayawa. Yanzu kuwa duk mai wayar hannu mai hoto ne. In Sarki ya fito, ko aka hango wani ɗan wasan fim ko mawaƙi, sai jama'a su yi ca a kansa, kowa yana so ya ɗauki kansa tare da shi. Mai yin haka yakan juya wa dawaki baya, idonsa yana kan waya. Doki kuwa dabba ce mai saurin firgita, walƙiyar hoto ko hannun da aka ɗaga masa farat ɗaya sun isa su sa ya yi tutsu. A wurin jahi, inda dawaki ke zuwa a sukwane, wanda ya shiga fili ya sa ransa da na mahayi cikin haɗari.

Sauran ƙasashe sun ga ƙarshen wannan hali. Ran 31 ga Agusta 1997 Gimbiya Diana ta Ingila ta rasu sanadin haɗarin mota a birnin Faris, masu hoto suna biye da ita a kan babura. A 2008 masu bincike a Landan suka ɗora laifin a kan gangancin direbanta, wanda ya sha giya, da na masu binta. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ban da haɗari akwai mutunci. Ɗaukar hoton mutum a cikin gidansa, ko na matan aure a wurin biki, a watsa shi ba da yardarsu ba, abu ne da ke haddasa husuma tsakanin dangi.

ABIN DA DOKA TA TANADA

An kafa hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli a 2007. A 2009 aka fitar da ƙa'idodin hana yawan ƙara, waɗanda suka sa iyaka ta rana da ta dare, ta dare ta fi ƙasa, suka kuma fi tsanantawa a kusa da asibiti da makaranta. Sha'anin direbobi yana hannun 'yan sanda da Hukumar Kiyaye Haɗurra wadda aka kafa a 1988. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya kare sirrin mutum da na gidansa.

AIKIN HAKIMI

Hukunci yana ga kotu da hukumomin da aka ambata. Amma maganar Hakimi tana da nauyi, sulhu da jan kunne da kai rahoto duk suna hannunsa. Ga abubuwan da ya kamata ya kula da su:

1. Kafin Salla ya tara dagatai da masu unguwa da limamai da shugabannin direbobi da makaɗa, a yi shawara a tsai da lokacin da za a kashe lasifika da dare.

2. A nisanta lasifika daga asibiti da makaranta da gidajen kwana. A fili, duk sa'ad da aka ninka nisa, ƙara tana raguwa da wajen desibel 6.

3. 'Yan bindiga su yi harbi nesa da yara da taron jama'a, su toshe kunnuwansu.

4. A keɓe wa masu hoto wuri a bayan igiya, dogarai su hana kowa shiga hanyar dawaki. Baƙon da aka san jama'a za su yi masa ca a shirya masa hanyar shiga da ta fita tun da wuri.

5. Malamin Hakimi ya rubuta kowane kuka da aka kawo, da rana da wuri da abin da aka yi a kai, domin a aika wa Majalisar Sarki da Ƙaramar Hukuma. Wannan littafi shi zai nuna inda za a gyara baɗi.

Ba nufin Gwamnati ba ne a hana murna. Abin da a ke so shi ne a yi biki a watse lafiya, maƙwabci ya sami barci, mahayi ya koma gida da dokinsa. Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka, don ta wurinsa ne yaro ke jin labarin magabata. Wajibi ne shugabanni su kiyaye wa yara nasu.