Bugun kai: Ko ya tashi ya kaɗe rigarsa, kada a saki jiki

Mai karatu, duk wanda ya san Potiskum ya san gari ne na mota: ga tirelolin shanu, ga keke-napep da babura, ga babbar hanyar da ta taso daga Kano ta nufi Damaturu da Maiduguri. A gida kuma yaro kan faɗo daga bishiya, tsohuwa kan zame a banɗaki. Abin da ya fi ba likitoci tsoro a nan shi ne raunin ƙwaƙwalwa, domin sau da yawa ba ya nuna jini a waje.

Raunin iri-iri ne. Mafi sauƙi shi ne girgizar ƙwaƙwalwa, inda mutum zai ruɗe, ya ji jiri, ko ya manta abin da ya faru. Akwai kurjewar ƙwaƙwalwar kanta. Akwai kuma taruwar jini a cikin ƙoƙon kai, wadda ke danne ƙwaƙwalwa. Wani zai suma, ya farfaɗo, ya yi hira har da dariya, bayan 'yan sa'o'i ya sake zubewa. A tsofaffi jinin kan taru a hankali, sai bayan makonni a ga mantuwa da tangaɗi.

A asibiti ana auna tsananin raunin da ma'aunin Glasgow, wanda likitoci biyu, Teasdale da Jennett, suka fito da shi a 1974. Ana duba buɗe ido, da magana, da motsin jiki, a ba da maki daga 3 zuwa 15. Maki 13 zuwa 15 rauni ne mai sauƙi, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa kuma mai tsanani. Makin na iya sauka, shi ya sa ake ta maimaita awon.

A garzaya asibiti idan aka ga amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da tayar da mutum ke wuya, jijjiga, shanyewar ɓari ɗaya, ko ruwa ko jini daga kunne ko hanci. Idan hatsarin mota ne, a kira jami'an kiyaye haɗura a 122. Kada a sunkuci mutum wuyansa na lilo, kada a ɗura masa ruwa. A fara da babban asibitin Potiskum. Idan ana buƙatar hoton CT ko tiyata, su za su tura gaba, Damaturu mai nisan kusan kilomita 100, ko Maiduguri, ko Kano.

Ga gargaɗina a matsayin mai harhaɗa magunguna. Kada a ba shi asfirin, ibuprofen ko diclofenac, suna iya ƙara zubar jini. Tramadol da ƙwayoyin barci kuwa suna ɓoye alamomin da ake jira a gani, tramadol ma na iya tayar da jijjiga. Farasitamol ya wadatar. Dattijon da ke shan maganin tsinka jini, irin su warfarin ko clopidogrel, a kai shi asibiti ko da bugun ƙarami ne. Saurin zuwa na da amfani: binciken CRASH-3 na 2019 ya nuna allurar tranexamic acid na rage mutuwa a raunin da bai yi tsanani ba idan an yi ta cikin sa'o'i 3.

Mai ƙaramin rauni ya huta kwana 1 zuwa 2, ya rage kallon waya, wani ya kwana kusa da shi. Yawanci ana warwarewa cikin mako 2 zuwa 4. Mai tsanani kan ɗauki watanni ko shekaru, da gashi da koyon magana. Idan maigida ya dawo da saurin fushi, mantuwa ko farfaɗiya, uwargida, raunin ne, a koma wurin likita, a kuma yi haƙuri da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular kwano mai kyau na rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin 100. Maigida, a sa ta, a ɗaure igiyarta. Allah Ya tsare mu.