Ƙashi A Farin Ido: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Idan aka ce ana iya haihuwar yaro da ɗan ƙashi a farin idonsa, da yawa daga cikinmu za su ce tatsuniya ce. Amma gaskiya ne, ko da yake ba kasafai ake ganinsa ba. Wani likitan ido Bajamushe mai suna Albrecht von Graefe ne ya fara bayyana shi a rubuce a shekarar 1863.

Likitoci suna sa shi cikin jerin abin da suke kira koristoma, wato nama ko ƙashi lafiyayye wanda ya tsiro a inda ba muhallinsa ba tun jariri yana ciki. Galibi yakan zauna ne a saman ƙwayar ido ta wajen kunne, kimanin milimita 5 zuwa 10 daga gefen baƙin ido, inda fatar ido ta sama take rufe shi. Shi ya sa wani lokaci ba a lura da shi sai yaro ya tasa. Yana da tauri, girmansa kamar ƙwayar wake ko bai kai ba, yawanci kuma ba ya ciwo, ba ya rage gani. Ba ciwon daji ba ne, ba a ɗaukarsa daga wani, ba kuma laifin uwa ba ne, balle a ce sammu.

To, ina haɗarin yake? Yana hannunmu. Mun san yadda ake yi a gidajenmu: da an ga tsiro a idon yaro sai wannan ya kawo ruwan ganye, wancan ya kawo garin magani, wani ma ya ce a kira wanzami. Ƙashi kuwa ba ya narkewa da ɗigo. Abin da waɗannan magunguna suke yi shi ne su ƙone baƙin ido, gyambo ya shiga, hakiya ta biyo baya, yaron da aka haifa da lafiyayyen gani ya makance.

Sai dai kuma kada mu ɗauka kowane tsiro a farin ido haka yake. Akwai ciwon daji da yake fitowa a wurin, musamman ga manya da suka daɗe suna aiki cikin rana da kuma masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Tsiron da ya fito wa babba daga baya, yana ƙara girma, ko ya sake launi, ko jajayen jijiyoyi suka kewaye shi, wannan ba a kwana da shi.

Likitan ido ne kaɗai zai bambance su. Akwai Asibitin Ido na ECWA a Kano, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da sashen ido a asibitocin koyarwa. Idan ya tabbata ƙashin ne, sau da yawa akan bar shi a riƙa dubawa, in kuwa yana damun mai shi a cire da ɗan ƙaramin aiki. Iyaye, mu kai yaro a duba shi kafin mu ɗiga masa komai.