Maƙoƙo da Sauran Cututtukan Tayiroyid

Mai karatu, sa yatsunka a gaban wuyanka, ƙasa kaɗan da maƙogwaro, ka haɗiyi yawu. A nan wurin Allah ya ajiye wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, fiffike ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Likitoci suna kiranta tayiroyid. Nauyinta a jikin babban mutum wajen giram 20 ne kawai. In tana lafiya ba a ganinta, ba a kuma jinta da hannu.

Aikinta shi ne ta yi wani sinadari ta zuba shi cikin jini. Wannan sinadari ne yake gaya wa jiki saurin da zai yi aiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkewar abinci, al'adar mata, girman yaro da ƙwaƙwalwarsa. Ka ɗauke shi kamar iskar da ake hura wa murhu. In ta yi kaɗan wuta ta yi sanyi, in ta yi yawa itace ya ƙare da wuri.

Me ke kawo maƙoƙo?

Tayiroyid ba ta iya yin sinadarinta sai da aidin. Jiki ba ya yin aidin da kansa, sai dai daga abinci. Abin da ake bukata kaɗan ne ƙwarai: babban mutum maikrogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa 250. Duk abin da mutum zai bukata a rayuwarsa bai wuce cokalin shayi ɗaya ba, amma dole ya riƙa shiga kaɗan-kaɗan kullum.

Aidin ya fi yawa a teku da kifin teku. Mu da muke zaune a kan tudu, nesa da teku, irin su Adamawa da yankin Gabas na Kamaru, ruwan sama ya daɗe yana wanke shi daga ƙasarmu. Don haka masara da rogo da muke nomawa ba su da shi sosai, kifin kogi ma bai kai na teku ba. In aidin ya yi ƙaranci, tsokar nan sai ta yi ta ƙoƙari, tana ƙara girma don ta kamo ɗan abin da ke cikin jini. Wannan kumburin shi ne maƙoƙo. Ba sammu ba ne, ba maita ba ce, ba a kuma ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya. Ya fi kama mata, musamman lokacin balaga da lokacin ciki.

Kumburin wuya shi ne abin da ido ke gani, amma babbar ɓarnar tana kan jariri. Mai cikin da ba ta samun aidin tana iya yin ɓari, ko ta haifi gawa, ko ta haifi yaron da ba ya girma, ba ya ji, ba ya gane karatu. Ƙwaƙwalwar da ta lalace tun daga ciki ba ta gyaruwa daga baya.

In tayiroyid ta yi sanyi

Mutum yakan ji gajiya ko bai yi aiki ba. Yana jin sanyi alhali mutane suna gumi. Jiki yana ƙara nauyi ba tare da ƙarin abinci ba, fata ta bushe, gashi ya zube, bayan gida ya yi wuya, fuska ta kumbura, ga mantuwa. Mace tana iya ganin al'ada mai yawa, ko ta daɗe ba ta samu ciki ba.

Na tuna wata mata da mijinta ya kawo mana. Shekara biyu ana ce mata raguwa, har uwar mijinta tana cewa a ƙaro wata. An gwada jininta, aka tarar tayiroyid ce ta yi sanyi. Bayan wata uku da fara magani ta dawo da kanta, a ƙafa, daga gona. Kafin ka ce matarka ta zama malalaciya, kawo ta a duba.

Maganin wata ƙaramar ƙwaya ce, levothyroxine. Ana sha da sassafe da ruwa kawai, a jira rabin awa zuwa awa 1 kafin a karya. In kana shan ƙwayar ƙarin jini, ka bar awa 4 tsakaninsu, domin tana hana maganin shiga jiki. Yawancin masu wannan ciwo za su sha shi har iyakar rayuwa. Kada ka daina don ka ji sauƙi, domin maganin ne ya kawo sauƙin. Ke kuma da kike shansa, da zarar kin ga ɓatan wata ki zo, domin sau da yawa ana ƙara yawansa lokacin ciki.

In tayiroyid ta yi zafi

Wannan kishiyar na farko ne. Mutum yana ci sosai amma yana ramewa. Zuciya tana bugawa da sauri, hannu yana rawa, gumi ya yi yawa, barci ya ƙi zuwa, fushi ya zo da wuri. Wasu idanunsu sukan fito waje. Mutane sukan ce aljanu ne, ko su yi zaton ciwon sukari ko tarin fuka. In aka bar shi yana gajiyar da zuciya, har ya kai ga mutuwa. Akwai ƙwayoyin da ke rage aikin tsokar, irin su carbimazole, wani lokaci kuma sai an yi tiyata. In kana shan carbimazole ka ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, dakatar da shi ka zo asibiti a ranar. Mai wannan ciwo ya bar taba, domin tana ƙara ɓata idanun.

Abin da za ku yi a gida

Ku sayi gishiri mai aidin. Tun shekarar 1991 Kamaru ta wajabta sa aidin a gishirin ci, amma har yanzu ana samun wanda ba shi da shi a kasuwa, kamar gishirin dabbobi da wanda ake aunawa a buɗe cikin rana. Ku nemi na cikin leda mai rubutu. Ku zuba shi a gwangwani mai murfi, nesa da murhu da rana da laima, domin aidin yana gudu. Kada ku wanke shi. Ku sa shi a miya in ta kusa sauka. Amma kada ku ƙara yawan gishiri: abin da bai kai cokalin shayi ɗaya ba a rana ya ishi babban mutum, fiye da haka yana kawo hawan jini.

Ku kula da rogo mai ɗaci. Yana da guba da take hana tayiroyid kama aidin. Ku ɓare shi, ku jiƙa shi a ruwa kwana 3 zuwa 5 har ya yi laushi, ku zubar da ruwan, ku shanya shi ya bushe sarai kafin a daka. Kada yunwa ko saurin kai shi kasuwa ya sa ku gajarta kwanakin. Gero da kabeji ma suna da ɗan abin da ke taɓa tayiroyid, amma ba su cutar da wanda yake samun aidin. Ku ci gaba da cin tuwonku da furarku. In da hali ku ƙara ƙwai, madara da kifi, musamman ga mai ciki da yara.

Ku sani kuma abinci yana hana maƙoƙon rashin aidin, amma ba ya warkar da tayiroyid da ta riga ta yi sanyi ko zafi, ba ya kuma narkar da babban maƙoƙo da ya daɗe.

Yaushe za ku zo ba tare da jira ba?

In numfashi ko haɗiya suna wuya. In murya ta dushe ta ƙi komawa. In akwai ƙullutu mai tauri da yake girma da sauri. In jariri yana barci fiye da kima, ba ya kama nono, shawara ta daɗe a jikinsa, harshensa ya yi girma. Jaririn da aka fara wa magani a makonnin farko yana girma kamar sauran yara.

Kada a bar wanzami ya yi tsaga ko ƙaho a kan maƙoƙo, kada kuma a ƙona shi. Wurin cike yake da jijiyoyin jini. Ku kawo mai ciwon a duba wuyansa, a gwada jininsa. In kun gama karanta wannan ɗan littafi, ku karanta wa maƙwabtan da ba su iya karatu ba, sannan ku duba gishirin da ke ɗakin girkinku yau. Allah ya ba mu lafiya.