Bakin gilashi da rigimar maɗauri

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan badujala na soja ko na 'yan sanda ya ga kilarinet, ko da bai san sunanta ba. Ita ce baƙar abar busar nan doguwa mai fararen ƙarafa a jiki, wadda ake riƙewa kamar algaita. A birnin Nuremberg na Jamus aka fara ƙera ta wajen shekarar 1700, a shagon Johann Christoph Denner. Muryarta daga can sama take fitowa, inda abubuwa uku suka haɗu: bakin da mai busa ke sawa a leɓe, da siririn harshen kara da ke kaɗawa idan iska ta bi ta kansa, da maɗaurin da ke riƙe harshen a jikin bakin. Maɗaurin nan bai kai agogon hannu girma ba, amma ya fi ba ni ciwon kai a kan sauran kayan duka, tun ranar da na koma busa da bakin gilashi.

Yawancin bakunan kilarinet da baƙar roba mai tauri ake yin su. Na gilashi tsiraru ne. Kamfanin Pomarico na Italiya ya yi suna a kansu, Vandoren na Faransa ma ya taɓa fitar da nasa, kuma Pete Fountain, shahararren mai busa na New Orleans da ya rasu a 2016, da na gilashi ƙirar O'Brien aka san shi. Ni abin da ya ja ni gare shi bai wuce zafi ba. Roba idan ta sha rana sai ta koɗe, ta yi kore-kore, ta riƙa wari. Gilashi kuwa ko a jikinsa, ka wanke shi da ruwa da sabulu ya dawo fes, har kana hango raɓar numfashinka tana taruwa a ciki. Aibinsa ɗaya kowa ya sani: ya faɗi a siminti, sai dai ka kawo tsintsiya.

Abin da ba a cika gaya wa mai saye ba shi ne maɗaurinsa na da ba lalle ya yi masa aiki ba. Bakin kilarinet tsukakke ne daga sama, yana buɗewa zuwa ƙasa, don haka kaurinsa ne ke yanke inda maɗauri zai zauna. Na gilashi sau da yawa ya ɗan fi na roba kauri, kuma da yake da hannu ake ƙarasa shi, ko biyu daga kamfani ɗaya ba sa zuwa daidai wa daida. Sai ka zura maɗaurin ƙarfe ya cije tun daga sama, ya hau kan sashen harshen da aka fere, wanda ya kamata a bar shi ya kaɗa. Murya ta shaƙe ke nan. Ka kwance notin maɗaurin don ya sauka, noti ya ƙare bai kama ba.

Ga kuma santsi. Ƙarfe yana ɗan nutsa cikin roba ya sami abin riƙo, amma a kan gilashi ba inda zai kama. Masu busa a manyan ƙungiyoyin kiɗa na Turai sun fi kowa sanin zafin wannan, domin kilarinet biyu suke ajiyewa a gabansu, ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsawo, kuma baki ɗaya suke amfani da shi. A tsakiyar kiɗa mutum zai murɗe bakin daga wannan ya cusa a waccan cikin 'yan daƙiƙoƙi. Idan maɗauri bai riƙe ba, shi zai biyo hannu, harshe ya karkace ko ya faɗo a cinya, madugun kiɗa kuma ya riga ya ɗaga sanda. Mai gaggawa sai ya ce bari ya ƙara ɗaure noti. Kada ka soma. Roba tana haƙuri da matsi, gilashi kuwa ya karce ko ya tsage.

A ganina, tunda gilashi ba ya lanƙwasa, maɗaurin ne ya kamata ya lanƙwasa. Shi ya sa na fi amincewa da masu laushi, irin na Rovner da aka fara yi a Amurka a shekarun 1970, wanda ƙyalle ne mai roba-roba da noti ɗaya, ko na fata da na ƙyalle irin na BG na Faransa. Suna naɗe bakin gaba ɗaya, su bi duk yadda ya zo. Akwai masu cewa suna dusashe murya, na ƙarfe ya fi fito da kaifinta. Ban ƙaryata su ba. Amma wannan bambanci mai busa ne ya fi jin sa a kunnensa, na kujerar baya da wuya ya lura, alhali harshen da ya zame kowa zai ji.

Wanda ya nace sai ƙarfe, misali ƙirar Daniel Bonade mai siraran layuka biyu a ciki da ke danne harshe, yana da dabara. A yanki ɗan faci daga robar da ake mannawa a saman baki don kare haƙori, a manna a bayan gilashin inda ƙarfen zai zauna. Ya sami abin cizo ke nan. Sai dai facin yana ƙara kauri, saboda haka maɗaurin da dama ya matse ba zai shiga ba. Kuma a goge yatsu bayan an shafa man da ake sa wa mahaɗar baki, don ɗigonsa kaɗan a kan gilashi ya isa ya ɓata komai.

In za ka sayi maɗauri, tafi da bakin a aljihu, a naɗe cikin tsumma. Ɗaura harshe, ka duba ko gefen maɗaurin na sama ya sauka ƙasa da inda firar kara ta ƙare, ka tabbata noti yana da sauran juyi. Sannan ka cusa bakin a jikin kilarinet, ka kama shi da hannu ɗaya ka murɗo shi waje kamar mai sauri. Harshe ya motsa, ajiye musu kayansu. Idan daga nesa za a aiko maka, zagaya gilashin da siririyar takarda a wurin zaman maɗauri, ka auna tsawonta da rula, ka tura wa mai sayarwa kafin ka biya.

Kafin Iwan Müller ya kawo maɗaurin ƙarfe mai noti a farkon ƙarni na 19, da zare ake naɗe harshe, kuma har yau Jamusawa da yawa haka suke yi. Bakunansu na da 'yan tsage-tsage a jiki don zaren ya kwanta, gilashi ba shi da su, amma igiyar takalmi mai faɗi ta auduga tana kamawa sarai. Ka danne harshen da babban yatsa, ka naɗa daga sama zuwa ƙasa, kowane zagaye manne da na gabansa, ka soke bakin igiyar a ƙarƙashin zagayen ƙarshe ka ja.